Daga Safari Zuwa Gwanjo

A gidan kakannina na wajen uwa na tashi, cikin garin Daura, bayan tsohuwar marina. Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa da aka yaye ni aka kai mata ni, ban kuma koma gidanmu ba sai dai ziyara. Saboda wannan sunan ne ƙanin mahaifiyata, wanda muke kira Kawu, bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata, tun ina rarrafe har yau da nake da jikoki.

Kakana marini ne. Baba Tsoho muke ce masa. Hannayensa daga yatsu har gwiwar hannu shuɗi ne, babu sabulun da ke fitar da shi, har ina ƙarama na ɗauka haka Allah ya halicce shi. Da safe yakan fita da guntun wando da 'yar shara, ya tsuguna a bakin karofi, wato ramin rini, yana tsoma zane yana ɗagawa, warin baban rini da toka ya cika unguwa. Daga can gefe ana jin mabuga suna dukan rigunan da aka rina har su yi ƙyalli. Da wannan ƙarar muke tashi, da ita muke yini.

A wancan lokaci tufa kan faɗi ko wane ne mutum tun bai buɗe baki ba. Mai sarauta an san shi da rawaninsa, malami da fararen kaya. Fatake da manyan 'yan kasuwa su ne masu babbar riga mai aikin hannu. Talaka kuwa 'yar shararsa ta saƙi ce, zai sa ta har ta mutu a jikinsa. Abin da uban mutum ya sa, shi zai sa, kuma ba wanda ke ganin wani abu a cikin hakan.

Kawu ne ya fara karya wannan a gidanmu. Da ya gama firamare aka ce ya sauko marina, ya ce shi ba zai ƙare da shuɗin hannu ba. Gaskiya ma aikin ya fara ja baya, don yadin kanti da atamfa sun soma cin kasuwa. An yi ta faɗa a gida, har wata rana ya bi wani abokinsa Kaduna. Bayan 'yan watanni labari ya zo cewa ya samu aiki a wata babbar masaƙa, a sashen da ake buga zane a jikin atamfa.

Ba zan manta dawowarsa ta farko ba. Ana jibi Sallah ne, da la'asar. Muna wasa a ƙofar gida sai ga wani mutum ya doso da akwati, cikin riga da wando ruwan toka iri ɗaya. Rigar gajeren hannu ce, ta tsaya a ƙugu, da aljihu sama da ƙasa, ga biro a maƙale. Takalmi sau-ciki, agogo a hannu, kai babu hula, an tsaga gashi ta gefe. Sai da ya ce, “Uwata, ba ki gane ni ba?” sannan na ruga na ƙanƙame shi. Ƙamshin sabulu da turare yake yi.

Baba Tsoho yana zaune a zaure kan buzu. Kawu ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa.

“Sannu da zuwa. Ina sauran rigar?”

“Baba, ai iyakarta ke nan. Safari ake ce mata.”

“To hular fa? A mota ka bar ta?”

“Can ba ma sa hula wajen aiki. Inji zai iya fizge ta.”

“Nan akwai inji?”

Kawu ya yi dariya, ya shiga cikin gida ya ari hular wansa ya sa, sannan ya dawo aka ci gaba da gaisuwa.

Da ya buɗe akwatin, atamfa ce cike. Kowace mace a gidan ya ba ta turmi guda, har ni da ban isa ɗaura zane ba. Tawa koriya ce mai zanen ganye. Ya ce duk da hannunsa aka buga su, audugar ma ta ƙasarmu ce, daga gonakin Funtua da kewaye ake kai musu. Ya ce injinan ba sa hutawa, wasu ma'aikata na fita wasu na shiga, idan aka tashi aiki kekuna kan cika titi har mota ba ta samun hanya. Baba Tsoho ya sa aka kawo masa ruwa a ƙwarya, ya tsoma bakin zane ɗaya ya murza, ya matse, ya duba ruwan. Bai sauya ba.

“Rinin ya kama,” in ji shi. Sannan ya ƙara da cewa, “Ashe dai rini ka je yi. Ka guje shi a gida, ka tarar da shi a Kaduna.”

Daga ranar bai ƙara yi masa maganar marina ba.

Bayan wannan Sallah telolin unguwarmu ba su huta ba. Samari suka yi ta kai yadi suna cewa a yi musu irin ta ɗan gidan marina. Ba Kawu kaɗai ya kawo ta garin ba, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da malaman gona duk ita suka koma sawa, amma a unguwarmu a jikinsa aka fara ganinta. Safari na nufin albashi. Kuma ita ba ta tambayar gidan da mutum ya fito. Ɗan mahauci da ɗan maƙeri da ɗan hakimi sai su sa iri ɗaya, su zauna ofis ɗaya, wani lokaci ma ɗan mahaucin ne babba. Tsofaffi suka yi ta tsaki, amma ko su, in ɗansu ya dawo cikin safari, bakinsu ba ya rufuwa.

Kawu ne ya tsaya tsayin daka aka bar ni na wuce kwalejin horon malamai, shi kuma ya ɗauki nauyina. Mu ma 'yan mata mun samu namu rabon. Riga da siket na atamfa muke ɗinkawa, mu kafa ɗaurin ɗankwali, mu yafa gyale a kafaɗa, mu taka takalmi mai tsini mu nufi makaranta, tsofaffin mata na leƙenmu ta katanga. Da na fara koyarwa, duk wata nakan iya shiga kasuwa na zaɓi abin da raina ke so. Mun yarda a lokacin cewa haka abin zai yi ta tafiya, kowace shekara ta fi ta baya. Ban san wanda ya gaya mana haka ba, amma dukkanmu mun yarda.

Marina kuwa ta mutu a hankali. Yau a bar wannan karofi, gobe a bar wancan. Mabuga suka watse. Bayan rasuwar Baba Tsoho ba wanda ya ƙara zuba baba a raminsa, mutanen unguwa suka mai da wurin juji, daga baya aka cike aka gina shaguna a kai. Ba mu yi wani kuka ba. A ganinmu an musanya mana ne da abin da ya fi.

Shekaru suka tafi, ita ma safarin ta sauka daga matsayinta, ta koma ta direbobi da masinjoji. Shadda ta shigo. Kawu ya yi aure, ya samu ƙarin girma, shi ke kula da sashensu. Yanzu in zai zo gida doguwar riga yake sawa har idon sawu, irin wadda ake kira tazarce, ta sha sitaci da guga, da hula kube a karkace. Ranar Juma'a ya ɗora babbar riga. Mu mata kuma makarantun Islamiyya suka yawaita, muka ajiye gyale muka ɗauki hijabi. Don Allah muka ɗauka, ba wanda ya tilasta mini. Amma daga baya, da abubuwa suka yi tsanani, hijabin ya yi mana wani amfanin da ba mu zata ba, domin yana rufe zanen da ya koɗe.

Wata shekara da Kawu ya zo, na roƙe shi ya raka ni kasuwa, za a yi bikin wata ƙawata muna neman anko. A rumfar wani mai atamfa muka tsaya. Kawu ya miƙa hannu ya zaro wani turmi daga tsakiya, mai zanen tsuntsaye. Ya warware shi, ya murza, ya ɗaga shi sama yana kallon rana ta cikinsa.

“Wannan zanenmu ne,” ya ce da ni. “Bara muka fitar da shi. Na san wanda ya zana.”

“To ai shi ke nan, Kawu, sai mu ɗauki taku.”

“Ba tamu ba ce.”

Mai rumfar bai ɓoye ba. Ya ce daga waje ake kawo su, ta Nijar suke shigowa, kuma sun fi ta gida araha nesa ba kusa ba. Ya ce ta gidan tana nan a ƙasan rumfa in muna so, amma ya daɗe bai sayar da ko ɗaya ba. Kawu ya ninke turmin yadda ya same shi, ya mayar. Muka kama hanyar gida. Ankon kuwa da ta wajen aka yi shi, domin ita aljihun yawancinmu zai iya ɗauka.

Daga nan labarin da ke zuwa daga Kaduna ya sauya. Yau babu wuta, gobe babu man da injina ke sha, jibi an rage kwanakin aiki. Aka fara sallamar mutane rukuni-rukuni. Wata safiya su Kawu suka je suka tarar da ƙofar masaƙarsu a kulle. Kawu ya zauna a can ya daɗe yana jira, don kullum ana cewa za a buɗe. Da zaman haya ya gagara, sai ya kwaso matarsa da 'ya'yansa da kayansu a bayan wata motar ɗaukar kaya, suka sauka a ƙofar gidan Baba Tsoho. Aka gyara musu ɗakunan da ke kusa da zaure.

A farkon dawowarsa ba za a ce wani abu ya same shi ba. Kullum da safe matarsa za ta zuba garwashi a dutsen guga, ya fito fes cikin shadda, ya zauna a zaure da rediyonsa yana sauraron labarai, ko za a ambaci masaƙu. Masu wucewa na cewa, “Alhaji, hutu ake yi?” Ya ce, “Hutu muke yi.” Hutun bai ƙare ba.

Sai kayan suka fara fita. Akwai wata dillaliya da ke shiga gidaje, ita matar Kawu ke ba riga ɗaya-ɗaya a ƙunshe cikin tsohon zane, tare da roƙon ta kai can nesa da unguwa. Hulunan suka fara tafiya, sannan dogayen riguna. Daga ƙarshe aka fitar da babbar rigarsa ruwan sararin samaniya, wadda ya ɗinka lokacin da aka ƙara masa girma.

Wata Juma'a na je gidan bayan an sauko daga masallaci, na same shi yana dariya shi kaɗai.

“Uwata, yau na yi salla a bayan rigata.”

Ban gane ba. Ya ce yana cikin sahu sai ya ga mutumin da ke gabansa sanye da ita. Ya gane ta da wata 'yar ƙunar guga a gefen wuya. Wani dillalin shanu ne daga wajen Mai'aduwa. Da aka idar ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya ce masa, “Alhaji, wannan riga ta karɓe ka.” Mutumin ya ji daɗi, har ya gaya masa a banza ya same ta, wai ta wani ma'aikaci ce da ya karye.

Yana ba ni labarin yana dariya har da share ido. Amma matarsa ta gaya mini ranar bai taɓa abinci ba, kuma daga nan ya sauya masallacin Juma'a.

Ya gwada noma. Akwai wata 'yar gona ta gado a hanyar Baure, ya yi 'yan damina yana zuwa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a gaban inji, fartanya ba ta san shi ba. Abin da yake samu ba ya kai su ko tsakiyar rani.

Kusa da tasha akwai wani Ibo mai shagon kayan babur. Ya daɗe a Daura, a nan ya haifi 'ya'yansa, Hausarsu ba ta da bambanci da tamu. Sun saba da Kawu tun lokacin da yake zuwa hutu. Shi ne ya harhaɗa masa wani tsohon babur, ya kuma haɗa shi da masu shigo da kaya ta wajen Kongolam, bakin iyakar Nijar. Aikin shi ne a tsallaka, a ɗauro dilar atamfa a bayan babur, a biyo ta hanyoyin daji a kawo wa masu ita cikin gari. Fito ake ce masa. Samari ne ke yi, Kawu ne kaɗai mai furfura a cikinsu.

Ranar da na fara ganinsa cikin shirin wannan aiki ban gane shi ba sai da ya yi magana. Wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo ce a jikinsa, da wandon da gwiwarsa ta sha faci, ya naɗe kai da fuska da tsumma. A bayansa ga dila an ɗaure da roba, gefenta ya yage, ina hango atamfar.

“Kawu, kai da kanka? Wannan fa ita ce ta rufe muku masaƙa.”

Ya sauke tsumman daga bakinsa. “Na sani, Uwata. Na fi kowa sani. In ban ɗauko ba wani zai ɗauko, masaƙar kuma ba za ta buɗe don na zauna da yunwa ba. Matsa in wuce, suna jirana.”

Na matsa, ya wuce.

Ya yi shekaru yana wannan aiki, da shi ya ci gaba da riƙe karatun 'ya'yansa. Ranar da abin ya ƙare, yashi ne ya kwashe ƙafar babur a wata gangara, babur da dila suka danne masa ƙafa. Makiyaya ne suka tsince shi suka ɗora a amalanke. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashin ya haɗe amma a karkace. Tun daga nan da sanda yake tafiya. Bai ma gama jinya ba aka rufe iyaka, su ma samarin suka zauna.

Ibon nan ne ya sake tallafa masa. Ya ce, “Alhaji, ga gaban shagona nan, ba abin da nake yi da shi. Ɗaura igiya ka rataya gwanjo. Yanzu shi mutane ke nema.” Haka aka yi. Kawu ya samu benci da inuwa, yana sayen dila ya kwance, ya ware masu kyau ya rataya, sauran ya zube a kan buhu.

Hanyata ce in na taso daga makaranta, don haka kusan kullum nakan tsaya mu gaisa. A kan wannan benci na ga yadda garinmu ya koma. Da farko masu zuwa a ɗarare suke zuwa, su waiga hagu da dama, su ce wani ɗan'uwansu na ƙauye za su saya wa, alhali a jikinsu suke gwadawa. Kawu ba ya nuna ya gane. Sai ya ce, “Ɗan'uwan naka kamar tsayinku ɗaya, wannan za ta yi masa.” Bayan 'yan shekaru kunyar ta fita. Malaman da muke koyarwa tare, ma'aikatan ƙaramar hukuma, mutanen da iyayensu suka yi taƙama da safari, duk ga su tsugune suna tona buhu. Ni ma a nan nake saya wa jikokina.

Ba wai shadda ta ɓace daga garin ba. Tana nan, ta ma fi ta da tsada da ƙyalli, sai dai masu sa ta ba sa taka ƙasa. A cikin motoci masu baƙin gilashi suke wucewa, sai ranar ɗaurin aure ko ta'aziyya a gan su. An yi manyan gine-gine a garin, an shimfiɗa tituna masu kyau. A gefen titunan samari ne zaune cikin rigunan ƙwallo masu sunayen mutanen wata ƙasa a baya. Sabuwar riga ɗaya da talaka ke samu ba tare da ya saya ba ita ce mai hoton ɗan takara, da ake rabawa in zaɓe ya zo. Bayan zaɓe da ita ake zuwa gona, da ita ake kwana, har fuskar mai hoton ta goge.

Babban ɗan Kawu ya yi difloma. Yaro ne natsattse, ni na koyar da shi a firamare. Da ya gama, uban ya matsa ya ɗinka masa doguwar riga fara guda ɗaya ta neman aiki. Da ita ya je Katsina, da ita ya je Kano da Abuja, ya dawo a wanke a goge a ajiye sai an ji labarin wani wurin. Wuyan rigar ya lashe bai samu komai ba. Da zaɓe ya zo ya karɓi mai hoto ya bi ayarin wani ɗan takara ƙauye-ƙauye, an ce in an ci za a tuna da su. An ci, ba a tuna ba.

Sai ya zo wa uban da maganar tafiya. Akwai samarin da ke tsallakawa ta Kongolam su wuce Agadas, daga can su shiga sahara wajen haƙar zinariya. Wasu sun dawo sun sayi babur, wani har ya gina ɗaki. Uwar ta yi kuka ta ce ba ta yarda ba. Aka yi kwanaki a haka. Ina wurin ranar da yaron ya zo gaban shago ya tsaya yana duba rigunan sanyi da ke kan igiya. Ya zaro wata mai sheƙi.

“Ba wannan ba,” in ji Kawu. “Kyau kawai gare ta. An ce sanyin can ba irin namu ba ne.”

Ya dogara sanda ya tashi, ya buɗe wani buhu da ya ajiye a ƙarƙashin benci, ya fito da wata baƙa mai kauri da hula a haɗe. Ya sa masa da kansa, ya ja zif ɗin har wuya, ya duba aljihunan ko akwai huda. Sannan ya ce, “Allah ya tsare. Kada ka yi wasa da salla.” Iyakar izinin da ya ba shi ke nan.

A watannin farko yana kira. Yakan turo hoto ta wayata, ni kuma in kai musu su gani: ga shi tsaye a bakin rami, ya rame ya yi baƙi, yana murmushi. Daga baya kiran ya ragu, ya ce sun ƙara gaba inda babu sabis. Sannan shiru.

An fi shekara ana jira sai ga wani saurayi ɗan garin Babban Mutum ya yi sallama a zaure da jaka a hannu. Tare suka tafi da ɗan Kawu. Ya ce wurin da suke haƙa ya daina ba da zinariya, aka ji labarin wani sabon wuri can ciki, ɗan Kawu ya hau mota da wasu, ya bar masa jakar ya ce zai dawo cikin mako. Ya jira har ya gaji. Ya yi tambaya, wasu suka ce motar ta isa, wasu suka ce ba su gan ta ba. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Aka buɗe jakar a tsakar gida. Riguna ne 'yan kaɗan da wando da carbi. Uwar ta zazzage ta har ƙasa, ta ɗago ta ce, “Rigar sanyin ba ta ciki. Tana jikinsa ke nan.” Da wannan ta riƙe kanta, har yau kuma da shi take riƙe. Wasu dangi suka ce a yi masa salla a raba kayan sadaka. Kawu ya ce ba wanda ya kawo masa gawa, ba kuma wanda ya ce ya gani. Aka mai da kayan cikin jaka aka rataye a ƙusa.

Bara Ibon ya tattara ya koma garinsu. Ya ce tsufa ya zo, ciniki kuma babu. Da zai tafi sun daɗe riƙe da hannun juna shi da Kawu. Wanda ya karɓi shagon wayoyi yake sayarwa, ya ce igiyar na tare masa gaba. Kawu ya kwance ta ya dawo da ita zauren gida. Ba ta cika kamar da, don dilar gwanjon ma yanzu ta fi ƙarfinsa, masu saye kuma ta fi ƙarfinsu. Waɗanda ke samun aiki a unguwar su ne teloli masu yawo da keke a kafaɗa suna faci.

Makon jiya na je gaishe shi da hantsi. Muna zaune a zaure sai ƙanin wanda ya ɓata ya fito daga cikin gida zai wuce. Shi ma ya gama sakandare tuntuni, ya kai munzalin aure, ba ya komai sai ɗan dako in ya samu. Riga da wandon da ke jikinsa na gane su, na cikin jakar nan ne. Uwar ta biyo shi har bakin zaure tana kuka, tana cewa ya cire, mai su zai dawo ya nema.

“Ƙyale shi,” in ji Kawu. “Nasa sun yage. Tsirara zai fita?”

Ta koma ciki. Saurayin ya gaishe ni ya fice. Kawu ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya gaya mini cewa kwanan nan kullum yana wajen saurayin nan da ya kawo jakar, yana tambayarsa hanya. Wai in an yi girbi zai tafi ya nemo wansa.

Na ce, “Kawu, ba za ka hana shi ba?”

Ya daɗe yana juya sandarsa a ƙasa.

“In na hana shi, Uwata, me zan ce ya zauna ya yi?”

Ya tambaye ni ko wani saƙo ya shigo wayata. Na duba a gabansa, don ya ga na duba. Babu komai. Wata mata ta yi sallama tana neman wandon yaro, ya tashi da ƙyar ya shiga tona mata buhu, ni kuma na yi masa sallama na kama hanyar gida.